Barista Lukuman da Takardun Rijiya

Barista Lukuman Badruddeen ya yi shekara ashirin da shida yana aikin lauya a Jos. A tsawon wannan lokaci babu alƙalin da ya taɓa yabonsa a bainar jama'a, babu kuma wanda ya taɓa tsawata masa. Yakan isa kotu tun masu shara ba su gama ba, ya zauna a benci na biyu, ya ɗora hular gashinsa ta lauyoyi a gwiwa har sai alƙali ya kusa fitowa. Ofishinsa ɗaki biyu ne a saman wani shagon fenti a tsakiyar gari, kuma yawancin shari'un da yake riƙewa na haya ne da na iyakar fili, irin waɗanda 'yan jarida ba sa zuwa sauraro.

A Rikkos aka haife shi, shekarar da aka gama yaƙin basasa. Kakansa ya hawo Filato daga ƙasar Zazzau zamanin haƙar kuza, amma bai taɓa riƙe shebur ba. Albasa da tattasai yake sayar wa masu haƙar a bakin bariki. Daga nan sana'ar ta zauna a gidan. Mahaifin Lukuman, Alhaji Badruddeen, wanda kasuwa ta gajarta wa suna zuwa Badaru, dillalin kayan lambu ne a kasuwar Farin Gada. Manomi ya kawo kabeji ko karas ko dankali daga Bokkos ko Mangu ya sauke a rumfarsa, mai saye ya zo da mota daga Kudu, shi kuwa ya tsaya a tsakaninsu har a daidaita.

'Ya'ya maza biyu Allah ya ba Alhaji Badaru, sai ya raba su tun suna ƙanana: babban, Sharafaddeen, zai gaji rumfa, ƙaramin, Lukuman, zai yi boko har ya zama lauya. Dalilinsa shi ne an taɓa kai shi kotu shaida, ya wuni a tsaye ana magana a kansa da Turanci bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Bai tambayi yaran ra'ayinsu ba. Da ya tambaya, da ya ji cewa Sharafaddeen ne mai son littafi, Lukuman kuwa tun yana ɗan shekara goma in ya ɗaga kan kabeji ya jijjiga, yakan faɗi ko a daren jiya aka yanke shi ko shekaranjiya. Amma an riga an raba, kowannensu kuma ya riƙe rabonsa bai yi ƙorafi ba.

Duk ranar Asabar Lukuman yakan je rumfar yayansa ya zauna a benci. Masu lodi sun san shi, manoma sun san shi. Abin da suka kasa ganewa shi ne yadda yake zaman: hannuwa biyu a kan cinya, baki a rufe. In ciniki ya yi zafi sai a ga leɓensa yana motsi, amma ba ya furta farashi. Dalili kuwa, a cikin ƙa'idojin aikin lauya akwai wadda ta hana mai aikin ya riƙa saye da sayarwa da kansa, ko ya yi dillanci. Lauyoyi da yawa sun karanta wannan ƙa'ida sun wuce. Lukuman ya karanta ta sau ɗaya yana ɗalibi, ya ɗauka da shi ake.

A watan Nuwamban wata shekara, da tsakar rana, Sharafaddeen ya faɗi a gaban rumfa yana tsakiyar ciniki. Ya tashi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma sai da ƙyar. 'Ya'yansa duk sun yi boko, da yake abin da shi ya so wa kansa ke nan, saboda haka babu ko ɗaya a cikinsu da ya san kasuwa. Shugaban dillalai ya zo gida dubiya, bayan addu'a ya ja Lukuman gefe ya gaya masa abin da ya riga ya sani: rumfa ba ta zama babu mai tsayawa a cikinta. In gidan Badaru ba su kawo mutum ba, dole a ba wani.

“A ba ni zuwa ƙarshen Maris,” in ji Lukuman.

“Wa za ku kawo?”

“Ni.”

Shugaban ya dube shi daga hula zuwa takalmi. Ya ce Allah ya kai mu.

Ba da ka Lukuman ya zaɓi ranar ba. A ƙarshen Maris ne lauya yake sabunta lasisinsa na shekara. In ya sabunta, ba shi da damar tsayawa a rumfa. In bai sabunta ba, ba shi da damar tsayawa a kotu.

Matarsa Ummusalma tana guga ya gaya mata. Ba ta ajiye dutsen gugar ba.

“Abban Suwaiba, shekara ashirin da shida ina goge maka farin ƙyallen wuyan nan. Yanzu me zan riƙa gogewa?”

“Kaftani.”

“In kuma an tambaye ni aikin mijina?”

“Ki ce dillali ne.”

“Zan ce lauya ne da ya gaji.”

“Ban gaji ba.”

“Na sani. Amma an fi gane wannan.”

Bayan ita, wanda ya ji labarin shi ne Barista Onyekwere, haifaffen Jos, wanda Hausa take a bakinsa kamar kowa. Tare suka gama makarantar lauyoyi, kuma sun sha tsayawa a kotu ɗaya, wannan yana kare mai ƙara, wancan yana kare wanda ake ƙara, in an tashi su je su ci abinci a kwano ɗaya. A ƙarƙashin bishiyar mangwaron harabar kotu Lukuman ya gaya masa.

“Oga Luku, ka sa rumfar da sunan madam, ka huta.”

“Madam ba ta san kabeji ba sai a tukunya.”

“Ba sai ta sani ba. Sunanta kawai ake so.”

“Ni zan tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa. Bakina ne zai yi cinikin, ba sunanta ba.”

“To wa zai kai ƙararka? Kabejin?”

“Babu kowa.”

“Shi ke nan fa.”

“Shi ya sa dole in kula da kaina, tunda babu mai kula.”

Onyekwere ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce a rayuwarsa ya ga lauyan da aka kora, ya ga wanda ya mutu, ya ga wanda ya shiga siyasa ya ɓace, amma bai taɓa ganin wanda ya fita ta ƙofa da ƙafarsa yana sallama ba.

Lukuman ma da ya duba littattafansa ya tarar sun yi dogon bayani a kan yadda ake shiga aikin, da yadda ake fitar da mutum in ya yi laifi, amma yadda mutum zai ajiye don kansa bai sami abin da ya gamsar da shi ba. Saboda haka ya tsara wa kansa hanya. Zai mayar wa kowa fayil ɗinsa hannu da hannu, a sa masa hannu an karɓa. Zai sanar da kowace kotu cewa ya janye. In babu sauran takardar kowa a wurinsa, sai ya rubuta wa ƙungiyarsu ta lauyoyi wasiƙa cewa ba zai sabunta ba.

Fayil sittin da uku ne a ofishin. Ya rubuta wasiƙa sittin da uku. Wasu suka zo suka yi masa addu'a, wasu suka zo suka yi masa faɗa, wani mai gidan haya ya zo ya tambaya ko za a sayar da fankar ofishin. Mutum huɗu sun ma manta suna da shari'a. Zuwa ƙarshen Janairu saura fayil ɗaya a kan kanta, kuma tare da shi akwai wani ƙunshi na ƙyallen shadda ruwan toka, an ɗaure shi da tef ɗin awo irin na tela.

Ƙunshin na Malam Ishola ne, wani tela Bayarabe da aka haifa a Bukuru, ya auri Bahaushiya mai suna Hasiya, suka zauna a bayan kasuwa. Shekaru da yawa da suka wuce ya hawo benen ofishin da takardun gidansa, ya ce yana so a ajiye masa amana, domin gidan tela kullum cike yake da mutane da almakashi. Ya zo da shaidu biyu: limamin unguwarsu, da maƙwabcinsa kuma amininsa, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ake kira Baba Bot. Lukuman ya karɓa da hannu biyu a gabansu.

Bayan shekara uku Malam Ishola ya rasu. Bayan wasu biyu 'ya'yan Baba Bot suka fara ja wa gidansu katanga, sai katangar ta bi ta inda rijiyar da ke tsakanin gidajen biyu za ta faɗa ɓangarensu. Ishola da Bot ne suka haƙa rijiyar tare, ba su kuma taɓa tunanin rubuta ta wace ce ba. Hajiya Hasiya ta kai ƙara, Lukuman ya tsaya mata, Baba Bot ya ɗauki Onyekwere. Kotu ta ba da umarni a dakata da gini har a gama shari'a. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Alƙali huɗu suka riƙe shari'ar. In an yi wa wannan canjin wuri ko ya yi ritaya, sai na gaba ya ce a faro daga farko. Katangar tana nan jeri uku na bulo, daidai zama, gidajen biyu kuma suna ɗiban ruwa da guga ɗaya.

Hajiya Hasiya ba ta amsa wasiƙa ba, don haka Lukuman ya shiga bas ya tafi Bukuru da fayil da ƙunshi a jaka. Ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, ƙaramar jiki, mai tabarau ɗaure da zare. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi bayani tiryan-tiryan, ya faɗi sunan lauyar da yake ganin za ta riƙe shari'ar da kyau, wata Barista Chinenye. Sannan ya ajiye ƙunshin a kan tabarma.

Ba ta taɓa shi ba.

“Lauya, wa ya ba ka wannan?”

“Marigayi, Hajiya.”

“To ba ni na ba ka ba.”

“Ke ce magajiya. Hakkinki ne.”

“A gaban wa ya ba ka?”

“Liman da Baba Bot.”

“To a gabansu za ka mayar. A gidan da na tashi haka ake mayar da amana. Idon da ya ga shigarta shi zai ga fitarta. Liman ya rasu, Allah ya ji ƙansa, na yafe maka shi. Saura ɗaya.”

“Hajiya, Baba Bot ne muke shari'a da shi.”

“Na sani. Ai ina zuwa kotun.”

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Lukuman ya mayar da ƙunshin jaka.

Da ya fito, Baba Bot yana zaune a kan katangar da rediyo a kunne, taku goma sha biyar daga ƙofar. Amma akwai wata ƙa'idar kuma: lauya ba ya magana a kan shari'a da abokin hamayyar da yake da lauyansa, sai ta hannun lauyan. Gaisuwa kaɗai Lukuman ya daɗe da yanke wa kansa cewa ba ta shiga cikin hanin ba. Ya gaishe shi, tsohon ya amsa, Lukuman ya wuce tasha.

Washegari ya rubuta wa Onyekwere wasiƙa, ko da yake ranar ma tare suka ci abincin rana. Bayan kwana tara amsa ta zo. Onyekwere ya rubuta cewa a cikin takardun akwai taswirar da ta nuna rijiyar a filin Ishola, kuma in wanda yake karewa ya tsaya shaida a kan miƙa su, ana iya cewa ya amince da abin da ke ciki. Don haka ya ba shi shawara kada ya je. Lukuman ya karanta ya jinjina kai. Da shi ne, abin da zai rubuta ke nan. Ya mayar da amsa cewa za a rubuta a fili halartar ba ta nufin amincewa. Onyekwere ya nemi a gyara kalma biyu. Aka gyara. Onyekwere ya kai wa Baba Bot takardar ya fassara masa sakin layi bayan sakin layi, tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce duk abin da sai an yi masa wannan doguwar takarda kafin a yi shi, tarko ne. Ya ƙi sa hannu. A haka Fabrairu ya ƙare.

A Farin Gada kuwa kaka ce ta kayan lambu. Manoman gidan Badaru suna ta sauke kaya, dillalan maƙwabta suna sayar musu bayan sun gama da nasu, wato in rana ta riga ta taɓa ganye. Lukuman yana zaune a benci hannuwa a cinya yana kallo. Wani dillali mai neman rumfar ya fara zuwa yana auna faɗinta da ido. Kowace yamma in Lukuman ya shiga gaida yayansa, Sharafaddeen yakan tattaro bakinsa da ƙyar ya yi tambaya ɗaya: “Ka tsaya?” Shi kuwa ya ce saura kaɗan.

Doka ta ba shi mafita, ya kuma san ta. Yana iya neman izinin kotu ya janye, ya aika da takardun ta hannun ma'aikacin kotu, a kawo masa shaidar an kai. Ummusalma ta kawo wadda ta fi wannan sauƙi, ta ce ya ajiye ƙunshin a ƙofar tsohuwar ya yi sallama ya juyo. Ya ce fayil ɗin ana iya yi masa haka, amma ƙunshin ba a matsayin lauya kaɗai ya karɓe shi ba. In tsohuwar ba ta ce ta karɓa ba, yana nan a wuyansa, kuma ba zai bar ta a kotu babu mai tsaya mata ba alhali takardunta suna hannunsa. In Maris ya ƙare a haka, zai sabunta lasisi, rumfar ta tafi.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare ya sake shiga bas. Bai je roƙo ba. Ya je ne ya sanar da ita cewa yana nan a matsayin lauyanta, kada ta ji a bakin wani cewa ya gudu. Ya gaya mata batun rumfar ma, da yake ta tambayi jikin yayansa.

Ta cire tabarau ta dube shi.

“Wai duk wannan ka gaya wa Bot?”

“An rubuta wa lauyansa.”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba.”

“Ba ni da izinin yi masa magana, Hajiya.”

“Ni fa?”

Lukuman ya bi ƙa'idojin a zuciyarsa ɗaya bayan ɗaya.

“Ke babu abin da ya hana ki.”

“Wata biyu aka ɓata a banza,” in ji ta. Ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nufi ƙofa. Lukuman ya zauna a inda yake ya juya wa ƙofar baya, don kada a ce da shi aka yi. Duk da haka yana jin komai, domin su biyun kunnensu ya yi nauyi, ba sa magana a hankali.

“Maƙwabci.”

“Matar Tela. An tashi lafiya?”

“Lafiya lau. Ranar da mai gidan nan ya kai takardunsa wurin lauya, da kai aka je?”

“Da ni. Ni na biya kuɗin bas ma.”

“To yaron nan zai bar aiki ya koma kasuwar ubansa, yana so ya mayar da amana. Na ce sai a gabanka.”

“Amanar Ishola? Shi ke nan maganar?”

“Shi ke nan.”

“To me ya sa Onyekwere ya zo mini da takarda shafi uku?”

“Su ka tambaya. Ni ban yi boko ba.”

Baba Bot ya kashe rediyo ya ce a fito da kayan yanzu. Lukuman ya fito, amma ya gaya wa Hajiya, yana kallonta ita kaɗai, cewa ba zai yiwu ba sai lauyan Baba yana wurin. Ya buga wa Onyekwere waya. Onyekwere yana kotu, ya ce sai an tashi, kuma motarsa tana wurin bakanike.

Awa biyu da rabi suka jira. Hajiya ta koma ciki ta ɗora tukunya. Lukuman da Baba Bot suka zauna a kan katangar, tsakaninsu kamu uku, kuma babu abin da ya halatta a tsakaninsu sai gaisuwa. Suka gaisa. Lukuman ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya har da na Abuja. Baba Bot ya tambayi madam, ya tambayi yara, ya tambayi mai jiki. Da aka jima Baba Bot ya ce, “Ya zafi?” Lukuman ya ce lokacinsa ne. Wata mata ta zo ɗiban ruwa, tsohon ya buɗe baki zai yi magana a kan rijiyar, Lukuman ya yi sauri ya ce, “Ya ƙafa, Baba?” Tsohon ya gane, ya yi bayanin ƙafar tun daga shekarar da ya faɗo daga kan tarago. Da aka kira azahar Lukuman ya je ya yi salla ya dawo, suka sake gaisawa daga farko, tunda an rabu.

Onyekwere ya sauko daga keke mai ƙafa uku yana gumi, kwat a hannu. Kafin ya zauna ya ce yana so kowa ya ji, shawararsa ba ta canja ba: kada Baba ya tsaya wannan shaida.

“Na ji, ɗana,” in ji Baba Bot. “Ranar da Ishola ya kira ni, ban ce masa sai na tambayi lauya ba. Zauna.”

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Hajiya. Rabon Baba Bot da shiga gidan tun ranar sadakar bakwai ta Ishola. Ya tsaya ya dubi ɗakin da keken ɗinkin yake a da, sannan ya zauna. Lukuman ya kwance tef ɗin awon, ya buɗe ƙyallen, ya jera takardun. Bakwai ne. Tsohon ya ɗauki kowace ya kai ta kusa da ido, ya juya bayanta, ya ajiye. Da ya zo kan taswirar ya daɗe.

“Wannan ce za ta kayar da ni?”

“Baba, kada ka ce komai a kanta,” in ji Onyekwere.

“Ita ce Ishola ya ba shi. Bakwai ya bayar, bakwai aka mayar, babu wadda aka canja. Na shaida.” Ya ajiye ta a kan sauran. “Amma abin da ke cikinta ƙarya ne. Mai awon da ya zana ta ko bayan gidan bai zagaya ba, a zaure ya zauna ya ci tuwo.”

“Sai ka faɗa wa alƙali,” in ji Hajiya.

“Zan faɗa. Na faɗa wa huɗu.”

Onyekwere ya rufe ido ya jingina da bango.

Lukuman ya naɗe takardun ya ɗaure kamar yadda suke, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu. Hajiya Hasiya ta karɓa ta ɗora a cinya, ta ɗan shafa shaddar da tafin hannu.

“Na karɓa. Ka sauke, Lukumanu. Allah ya ji ƙan mai ita, kai kuma Allah ya ba ka kasuwa.”

Duk suka ce amin. Ya fito da takardar karɓa da tawada, ta dangwala yatsa a inda ya nuna mata, sannan ta goge yatsan a gefen tabarma.

“Ita wannan Chinenye da ka ce, tana zuwa kotu da wuri?”

“Tana riga ni, wani lokaci.”

“Tana da gaggawa?” in ji Baba Bot. “Kada a kawo mana mai gaggawa. Mu tsofaffi ne.”

Lukuman ya dubi Onyekwere, domin har yanzu bai janye a gaban kotu ba, kuma tambayar ta taɓa shari'a. Onyekwere ya ɗaga hannu ba tare da ya buɗe ido ba, alamar ya ba da izini.

“Ba ta da gaggawa, Baba.”

Ita ce magana ta farko da ya yi wa tsohon a shekara goma sha ɗaya wadda ba gaisuwa ba. Hajiya ta ce babu mai fita sai an ci abinci.

Washegari shi da Barista Chinenye suka shigar da sanarwar canjin lauya. Ranar talatin da ɗaya ga wata ya kai wasiƙarsa ofishin ƙungiya, ya tsaya aka buga wa kwafinsa hatimin karɓa, ya mayar wa mai benen mabuɗinsa. Da yamma da yayansa ya yi tambayar da ya saba, ya ce masa gobe. Ɗaya ga Afrilu bayan sallar asuba ya tsaya a rumfar Badaru, aka sauke masa buhu arba'in na kabejin Bokkos, kafin hantsi mota ta ɗauke su zuwa Anaca.

Shari'ar rijiya an ɗage ta zuwa watan Yuni, daga nan zuwa Oktoba. Lukuman yana jin labarinta a bakin Onyekwere, wanda yakan biyo ta kasuwa ranar Asabar ya sayi karas, ya yi ƙorafin tsada, ya kuma yi ƙorafin Barista Chinenye, wadda ya ce ta fi wanda ta gada wahalar sha'ani.

A kasuwa har yau Barista ake kiransa. Makon farko yana gyara wa mutane, yana cewa ya ajiye. Masu lodi suka ce to, Barista. Ya koma gida ya ɗauko littafin ƙa'idojin daga cikin kwali ya duba daga farko har ƙarshe, bai sami inda aka hana mutum amsawa in an kira shi ba. Daga ranar yake amsawa. In manomi ya matso da maganar gona ko ta gado, yakan rubuta masa sunan wani lauya a bayan kwalin tumatir, ya tambaye shi buhu nawa ya kawo.